Yadda Za Ka Gama Bitar Alƙalai Ba Tare da Ilimi Ya Taɓa Ka Ba

Ranka ya daɗe, barka da samun takardar gayyata. Na san tun da masinja ya ajiye ta a teburinka abinci ya daina yi maka daɗi. Kwana uku a otal, a zaunar da kai a jere kamar ɗan firamare, wani ya tsaya a gabanka yana nuna maka allo, kai da ake miƙewa tsaye in ka shigo. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari za ka shiga bitar nan ka fito da jaka, da takardar shaida, da hoto, da ɗan tumbi, kuma ko ƙwayar ilimi ba za ta maƙale maka a riga ba. An gwada a gabana, bai taɓa ƙin ci ba.

Ni ba alƙali ba ne. Shekara talatin da ɗaya na yi ina magatakardan kotu, ina zaune a ƙasan teburin masu shari'a, inda ake ganin wanda ya cire takalmi da wanda yake kaɗa ƙafa don barci. Alƙalai tara na yi wa aiki, amma gwanin wannan fanni shi ne na ƙarshensu, wanda muke kira Kotu-ta-Sani a bayan idonsa. Mutumin nan ba ya cewa "ni". In yunwa ta kama shi, kotu ce za ta tafi hutun rabin awa. In lauya ya fara karanto masa sabuwar doka, sai ya ɗaga tafin hannu ya ce, "Kotu ta sani." Da shi zan riƙa ba ka misali.

A shekarar da nake ba ka labari, hukuma ta gaji da motar gidan yari da kullum take mutuwa a hanya. Sai ta sayo kwamfutoci, ta ce daga yanzu wanda ke tsare zai zauna a can gidan yari a gaban na'ura, alƙali ya gan shi ya ji shi daga kotu. Don haka aka shirya bita a koya wa alƙalai aiki da ita. A daidai lokacin muna da wani mai walda a tsare. Wani ne ya kawo masa rodi ya haɗa masa ƙofa, ashe rodin na sata ne. Irin tuhumar da ake ba da beli a kanta kafin shayi ya huce. Mutumin yana da ciwon suga, kuma ranar da aka kama shi akwai ɗan ciwo a babban yatsan ƙafarsa, inda ƙarfe ya faɗo masa. Ba shi da lauya. Abin da kawai yake buƙata shi ne ya buɗe baki a gaban alƙali ya roƙi beli, ya je asibiti. Ka riƙe shi a ranka, don da ƙafarsa za mu riƙa auna nasarar kowane mataki.

Mataki na ɗaya: Ɗage komai

Kada ka duba abin da za a koyar. Duba kwanakin kawai. An ce kwana uku, to kwana uku ba kwana uku ba ne. Akwai ranar shiri, akwai ranar tafiya, akwai ranar dawowa, akwai ranar huce gajiya, akwai kuma ranar huce gajiyar hutun. Alƙalin da ya san aikinsa yakan fitar da mako uku daga cikin kwana uku ba tare da ya yi gumi ba.

Ranar da gayyata ta iso, shari'ar mai walda ce ta huɗu a jeri, kuma motar gidan yari ba ta zo ba. Matarsa ta zo, doguwa siririya, da ledar magani a hannu. Da na kira sunan mijinta sai ta miƙe daga bencin baya.

"Ranka ya daɗe, ƙafarsa ce..."

Kotu-ta-Sani bai ɗago ba. Ya tambaye ni, "Wace ce wannan?"

"Matarsa ce, ranka ya daɗe."

"Ita ake tuhuma?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ta zauna. Baiwar Allah, kotu za ta tafi ƙaro ilimi ne saboda irinku. In ta dawo, mijinki ba sai ya jira mota ba. Daga inda yake zai yi magana kotu ta ji shi. An ɗage zuwa mako uku."

Matar nan ta durƙusa ta yi godiya, har da addu'ar Allah ya kai shi lafiya. Ka lura da darasin: in za ka ɗage shari'ar mutum, ɗage ta da sunan alherin da za ka yi masa. Zai tafi yana sa maka albarka.

Mataki na biyu: Yi yaƙi a kan kujera

Ranar farko ta bita ba ta karatu ba ce, ta sanin matsayi ce. Da ka shiga zauren, wuce kai tsaye ka duba inda aka ajiye katin sunanka. In an sa ka a layi na biyu, an raina ka. In an sa ka a layin farko, duba wanda ke damanka, tabbas akwai abin faɗa.

Maigidana ya tarar an sa wani alƙali a gabansa, alhali rana ɗaya aka rantsar da su, shi da safe, wancan bayan azahar. Awa huɗu cur na girma aka so a cinye masa. Ya ƙi zama. Aka nemo shugaban shirye-shirye, aka nemo tsohuwar takarda, aka sauya katuna, wanda ya sa wasu mutum shida su ma suka gano an zalunce su. Kafin kowa ya zauna a inda tarihi ya ajiye shi, sha ɗaya ta wuce. Daga nan babban baƙo ya tashi buɗe taro, ya gaishe da kowa da muƙaminsa, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka aiko wakili. Yana gamawa aka ce shayi ya iso.

Kada ka raina wannan matakin. Kashi ɗaya cikin uku na haɗarin ya wuce ke nan, ba ka ko buɗe jaka ba.

Mataki na uku: Kada ka yi tambaya, yi tsokaci

Nan ne da yawa suke faɗuwa. Za ka ji ana cewa matambayi ba ya ɓata. Wannan maganar matafiya ce. Kotu ba ta tambaya don ba ta sani ba, tana tambaya ne don ta kama maƙaryaci.

Malamar da aka kawo mana wata mace ce mai tabarau, ba za ta girmi babbar 'yar maigidana ba. Abin da ya ƙara dagula lissafi, ta taɓa tsayawa a gabansa tana sabuwar lauya, ya kore ta daga kotu saboda launin takalminta. Ita ta manta ko ta yi kamar ta manta. Shi bai manta ba.

Aka ajiye wa kowane alƙali kwamfuta a gabansa. Malama ta ce, "Ranku ya daɗe, duk wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, babu komai."

Alƙalai arba'in, hannu tamanin, duk suka lafe a kan cinya. Sai wata tsohuwar alƙaliya da ke ƙarshen layi, wadda saura kaɗan ta yi ritaya, ta ɗaga nata. "'Yata, ni fa ko inda ake kunna abin nan ban sani ba. Zo ki nuna min." Aka juyo ana kallonta da tausayi, kamar wadda zaninta ya kwance a kasuwa. Malama ta je ta nuna mata. Ta sake tambaya, aka sake nuna mata. Kada ka yi koyi da matar nan, ranka ya daɗe. Ka ga irin abin da ke faruwa in mutum ya daina kula da mutuncinsa.

Abin da za ka yi shi ne ka gyara murya ka ce kana da ɗan tsokaci. Tsokaci tambaya ce da ta yi wanka ta sa babbar riga: tana cin lokaci kamar tambaya, amma ba ta tona asiri. Kotu-ta-Sani ya miƙe ya yi minti ashirin da biyar yana bayanin yadda a zamaninsu alƙali yake rubuta shaida da hannu har yatsa ya yi kanta, da yadda adalci ba ya buƙatar wutar lantarki, da yadda abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Aka yi tafi. Malama ta yi godiya ta dubi agogo. Kwamfutarsa tana rufe, ya ɗora kofin shayi a kanta don kada ya ɓata rigar tebur.

Mataki na huɗu: San lokacin ɓacewa

A kowace bita akwai awa ɗaya tak da ake koyar da abin da ya tara mutane. Masu shiri sukan ɓoye ta a rana ta biyu, bayan abincin rana, lokacin da shinkafa da kaza suka gama nasu aikin. Wannan awar ce maƙiyiyarka. Ka nemi uzuri, kuma ya zama uzuri mai nauyin da ba a tambayar bayaninsa.

Maigidana ya ce kotu tana da wani muhimmin kira. Ni na san kiran, na matashin kai ne a ɗaki na sha biyu. Ya bar ni a kujerarsa da alƙalaminsa, don takardar halarta tana zagayawa sau biyu a yini, kuma ni na fi shi iya sa hannunsa. Shi ya sa abin da aka koyar a awar nan kunnena ya shiga, ba nasa ba.

Malama ta cire tabarau ta ce, "Ranku ya daɗe, ko kun manta da komai, ina roƙo ku riƙe wannan. A ƙasan allo akwai hoton 'yar lasifika. In kun ga jan layi ya ratsa ta, to ku ba ku jin mutumin da ke gidan yari, amma shi yana jin ku sarai. Haka na'urar take tashi kullum, a toshe, don kada hayaniyar can ta cika kotu. Sai kun danna da kanku. Kafin ku fara komai, ku ce wa mutum ya faɗi sunansa. In ba ku ji sunan ba, kada ku ci gaba."

Ta sa kowa ya danna sau uku. Na danna a madadin kotu sau uku, jan layi ya tafi, ya dawo, ya tafi. Yaron goye ma zai iya.

Da la'asar, ina riƙe masa jaka a bakin ɗaki, na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani ɗan maɓalli da malamar nan ta ce..."

"Kotu ta sani."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Mataki na biyar: Takarda da hoto

Ranar ƙarshe kada ka makara, don ita ce ranar aiki. Za a raba takardar jin ra'ayi. Duk inda aka tambaya ko ka amfana, zaɓi "ƙwarai da gaske". A gurbin shawara, rubuta cewa kwanakin sun yi kaɗan kuma a duba batun naman. In aka zo hoto, tsaya kusa da babban baƙo, riƙe takardar shaidarka a daidai ƙirji, rubutun yana kallon waje.

Za a ba ka ɗan littafi mai shafi goma sha biyu. Kada ka buɗe. A shafi na huɗu akwai hoton 'yar lasifikar nan da kibiya ƙatuwa tana nuna ta, kuma ido ba ya neman izini kafin ya karanta abu. Bar shi a ledarsa.

Mataki na shida: Tsare gida

Kada ka ɗauka da ka bar otal ka tsira. Ilimi yana da 'yan leƙen asiri har a cikin gidanka.

Ni na kai masa kwamfutar gida a ranar, ina falo ina jiran a sallame ni, uwargidansa ta fito tana yi masa sannu da zuwa. Mace ce mai raha, duk mako sai ta yi hirar bidiyo da 'yarsu da ke aure a nesa.

"Baban yara, me aka koyo mana?"

"Abubuwa masu zurfi."

"Kawo in gani. Ai ina jin irin wayar da muke yi da 'yarka ce. Kai da kullum sai mun yi ta ce maka danna nan, danna can."

Ya janye jakar kwamfutar zuwa gefensa. "Wannan na'urar shari'a ce, ba ta hirar jikoki ba."

"Allah ya ba da haƙuri. Gemu dai ba ya hana ilimi."

"Kotu ta tashi," in ji shi, ya shige ɗaki.

Ta dube ni ta yi dariya. "Malam, haka kuke fama?" Na ce ai mu sai godiya. Ta ɗauki jakar bitar ta juye abin da ke ciki a kan kabad, ta ce ta yi daidai da zuwa cefane.

Mataki na bakwai: Koya wa ma'aikatanka darajar baki

Wannan matakin ba a yin sa rana ɗaya, tun da wuri ake dasa shi. Jahilcin babba ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai na ƙasa sun tallafe shi.

Muna da wani tafinta a da, mutum mai kaifin kai. Wata rana maigidana ya ambaci sashen doka, tafinta ya matso ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, an soke wannan sashen bara." Bai ɗaga murya ba, amma lauyoyi biyu sun ji. Kafin wata ya ƙare an mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli a ƙasan bene, inda babu taga. Har yau in ya yi tari ƙura ce take fitowa. Tun daga ranar, in Kotu-ta-Sani ya ce yau Talata alhali Laraba ce, sai mu gyara kalanda.

Ka yi wa mutum ɗaya haka, ya ishe ka shekara goma. Ni a lokacin saura min wata biyar in yi ritaya, kuma takardun sallamata sai sun bi ta teburinsa.

Mataki na takwas: Yi aiki da abin da ba ka koya ba

Yanzu ka iso fagen. Ajiye kwamfutar a kan teburinka, fuskarta tana kallonka kai kaɗai. Kada ka yarda kowa ya taɓa ta. Sauran kuma ka bar wa al'ada.

Ka san mu a kotu, alƙali da kunne yake sauraro, idonsa yana kan littafi. Shekara ashirin da takwas maigidana yana yin tambaya kansa a sunkuye, alƙalami yana tafiya. Ranar da aka dawo, ma'aikacin fasaha ya haɗa layi ya fita. Na kira shari'ar mai walda. Kotu-ta-Sani ya dubi allo sau ɗaya, kuma ba fursunan ya duba ba. A kusurwa akwai ɗan hotonsa shi kansa, ya ga hularsa ta karkace, ya gyara ta. Sai ya sunkuya.

"Wanda ake tuhuma, kana da abin cewa game da beli?"

Kotu ta yi tsit. Fanka kawai ake ji.

"Kotu tana tambayarka, kana da abin cewa?"

Ya jira kamar daƙiƙa goma. Sai ya rubuta yana faɗa da ƙarfi, yadda ya saba: "An tambayi wanda ake tuhuma sau biyu, ya yi shiru. Shiru ma amsa ce. A ci gaba da tsare shi. Mako biyu."

Matar ta miƙe. "Ranka ya daɗe, ba zai yi shiru ba. Jiya na je, ya ce min zai..."

"In kika sake yin magana, za ki tarar da shi a can."

Ta zauna. Ni daga kujerata ba na ganin allo, saboda haka ranar nan zan iya cewa ban san komai ba, ko da yake zuciyata ta faɗa min.

Zama na biyu ne na gani. Na miƙe in miƙa fayil, na ranƙwafa ta gefen teburin, idona ya sauka a kan allo. Ga jan layin nan a kan 'yar lasifika, raɗau. Ga mai walda a kan benci, gandiroba a bayansa. Bakinsa yana motsi da sauri, jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya ga ba a ɗago ba, sai ya kama ƙafarsa da hannu biyu ya ɗaga ta zuwa gaban na'urar. An naɗe ta da tsumman riga. Yatsan da ya fito daga tsumman ya yi baƙi, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Ka tuna, shi yana jin mu. Yana jin alƙali yana cewa, "Tun da har yanzu ba ka ga dama ka yi magana ba," shi kuwa yana ta magana.

Tsakanin yatsana da maɓallin nan bai kai taƙi ɗaya ba. Na ji tsoro, wannan ita ce gaskiyar. Na tuna ɗakin da babu taga, na tuna wata biyar. Na ajiye fayil na koma kujerata.

"Taurin kai," in ji Kotu-ta-Sani yana rubutu. "Mako uku, ya je ya yi tunani."

Ka ga kyawun tsarin, ranka ya daɗe. Gandiroba yana can yana zaton alƙali ya ji ya ƙi. Mai gabatar da ƙara yana nan yana zaton fursuna ya ƙi magana. Littafin kotu kuwa tsaf yake, babu ko gogewa.

Mataki na tara: In asiri ya tonu, nemi ƙarin bita

Komai iya takunka, wata rana za a samu mai shisshigi. Mu abin da ya faru, ranar zama na uku maigidana ba ya nan, ya tafi wata bitar a kan haƙƙin waɗanda ke tsare. Aka turo tsohuwar alƙaliyar nan ta riƙe masa kotu. Ta zauna, ta ciro ɗan littafinta da ya sha lanƙwasa, ta buɗe shafi na huɗu, ta bi kibiya da yatsa, ta danna.

Hayaniyar gidan yari ta cika ɗakin, ƙarar ƙofar ƙarfe da muryoyi. Ta ce, "Bawan Allah, faɗi sunanka."

Ya faɗa. Muryar ta dushe, da ƙyar take fita. Sai ya ce, "Ranki ya daɗe, ana ji na?"

"Ina jin ka."

Bai roƙi beli ba ma. Kuka ya fashe da shi, matarsa tana bencin baya ta toshe baki da ledar magani. Alƙaliya ta karanta abin da aka rubuta a zama biyun baya, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Cikin minti huɗu ta ba da beli. Da yamma yana asibiti. Bayan kwana biyu likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, suka ce da an kawo shi ko da mako uku baya, da yatsa ɗaya kawai zai rasa.

To, ga inda gwani yake bambanta da ɗan koyo. Aka kafa kwamiti. Kotu-ta-Sani bai musa komai ba, bai kuma amsa komai ba. Ya rubuta shafi shida yana bayanin cewa layin sadarwa ba shi da tabbas, cewa na'urar ba ta dace da yanayinmu ba, cewa malamar ta yi ƙuruciya da yawa, kuma kwana uku sun yi kaɗan a ce babban mutum ya ƙware, kamar yadda ya faɗa tun a takardar jin ra'ayi. Ya haɗa da takardar halarta, ga sa hannunsa a kowane zama, har da na bayan abincin rana ta biyu. Aka kira ni, aka tambaye ni ko sa hannunsa ne. Na ce ban taɓa ganin wanda ya fi shi kama da nasa ba.

Kwamiti ya gano cewa matsalar ƙarancin horo ce. Ba a sabunta wa malamar aiki ba. Shi kuma aka tura shi kwas na mako biyu a wani otal da ya fi na farko girma. Yanzu haka in an shirya bita, shi ake gayyata ya buɗe taro.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da shawarwarin nan. Shi magatakarda ne mai ritaya, takardunsa sun fita lafiya, ba ya sa hannu a madadin kowa yanzu. Duk wanda ya rasa lokaci, ko sana'a, ko wata gaɓa ta jiki sakamakon wani alƙali ya bi matakan nan, to ya shigar da ƙara a kotu mafi kusa, za a saurare shi.

Haka kuma mai rubutun ba ya karɓar baƙi a kan wannan magana. Na faɗi haka ne saboda ranar da aka kori shari'ar, don wanda ya kawo ƙarar bai taɓa zuwa ba, mai walda ya zo da kansa a kan sanduna biyu, matarsa tana riƙe masa takarda. Bai nemi alƙali ba. A baranda ya tsaya ya jira ni, an naɗe ƙafar wandonsa an maƙale da fil. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Baba, akwai ranar da wata fuska ta leƙo cikin na'urar nan, tana miƙa takarda. Na ɗaga mata ƙafata. Na ga kamar kai ne. Ba rigima na zo yi ba, so nake kawai in sani ko akwai wanda ya gani."

Na ce masa ni fayil nake kallo.

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya sa haka ne, ya juya. Matakalar kotunmu goma sha ɗaya ce, kuma babu abin dafawa. In ya zo wurinka, ranka ya daɗe, kai ma ce masa littafi kake kallo. Kai ka fi ni sauƙi ma, naka gaskiya ne.